Ranar da Na Ƙi Zama Gahawa

Ba zan taɓa mantawa da rawar da na taka a Riyad ba, duk da na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawa. Kuma ba rawar gani nake nufi ba. Rawa ce ta ƙafa, da kiɗa, a gaban mutum wajen sittin.

Lokacin ina riƙe da sito a wani kamfanin da ke saka na'urorin sanyaya ɗaki da gyaransu. Ofishinmu yana Malaz, ni kuwa ina kwana a Al-Oud, ɗaki ɗaya da Sabi'u, mutumin Gusau, direban kamfanin. Shekarata shida a ƙasar, kuma damuwata guda ce. A iƙamata, wato takardar izinin zama, an rubuta lebura ne ni, lebura kuwa ba a ba shi izinin kawo iyali. Makullan sito suna hannuna, kwamfuta tana gabana, amma a takarda ni mai ɗaukar kaya ne. Sai mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Turki, ya sa hannu a canza mini sana'a kafin in nemi bizar maiɗakina da yara biyu da ke Zariya. Takardar ta yi wata huɗu a kan teburinsa. Duk ranar da muka yi waya, Maman Walida takan gama duk gaisuwa tsaf, ta tambayi lafiyar Sabi'u, sannan ta ce, "To, an sa hannun?"

Ana cikin haka sai aka ce Mista Dennis zai yi ritaya. Wani dattijon Bature ne ɗan Kanada, injiniya, ya fi shekara ashirin a kamfanin, mutum mai sanyin hali wanda ya san sunan kowa har masu shara. Aka ce za a yi masa walimar bankwana a istiraha, irin gidajen shaƙatawan nan da ake haya a bayan gari. Da aka tambaye shi me yake so a ba shi, sai ya ce ba ya son agogo, ba ya son allo mai ɗauke da sunansa. Abin da yake so shi ne mutum takwas su koyi rawar ƙauyensu, su yi masa ita sau ɗaya kafin ya tafi.

A shekarun nan an fara sassauta maganar kiɗa a gari, don haka Abu Turki ya yi dariya ya amince. Ya tara mu a harabar sito ya ce duk wanda ya ba da kansa ya faranta masa rai. Ban bari ya rufe baki ba na ɗaga hannu. Ban tsaya nan ba ma, sai da na ce, "Ranka ya daɗe, ai mu a ƙasarmu da rawa ake haihuwarmu." (Ni da ko a bikina ban taka ba. Zaune na yi a ɗakin abokina ina cin waina har aka watse.)

Ga yadda rawar take. Mutum takwas ne, bibbiyu, su tsaya suna fuskantar juna kamar bangon ɗaki huɗu. Wani yana gefe yana kiran abin da za a yi, su kuma suna bi: ku kama hannu ku zagaya, ku shiga tsakiya, ku wuce juna, kowa ya koma mazauninsa. A cikin kowane biyu akwai na hagu da na dama, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Idan na hagu suka bi ta nan, na dama ta can za su bi, a haɗu a gaba.

Ranar farko Mista Dennis ya zo da leda cike da ƙyallaye masu ruwan ɗorawa. Ya ce, da Larabcinsa mai kama da tafiyar keke a kan tsakuwa, "Na hagu sunansu dabino. Na dama sunansu gahawa. Gahawa zai ɗaura wannan a wuyan hannu. Idan kun rikice kada ku dubi fuska, ku dubi hannu." Ya miƙo mini ƙyalle, na ɗaura. Abokin rawata Rommel ne, ɗan Filifin, makanike, gajere mai fara'a.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta zama yabon kai: na iya. Muna yi duk Talata da Alhamis bayan an tashi aiki, a tsakanin kwalayen kaya, kuma kafin mako na uku ni ne ake nuna wa saura. Mista Dennis yakan ce, "Ku dubi wannan. Wannan shi ne gahawata mafi kyau." Ni kuwa sai in gyara tsayuwa. Sau biyu na hango Abu Turki a tagar ofishinsa yana kallonmu, na ƙara wa takuna gishiri. A raina har na fara tunanin unguwar da zan nemi gida.

Rommel ne ya ɓata komai, ba da niyya ba. Wata Alhamis muna shan ruwa bayan atisaye, Sabi'u yana zaune kan kwali yana jiran ya kai mu gida, sai Rommel ya dafa ni ya ce, "Sadiƙ," wato aboki, "ka fi ƙanwata iyawa. Mun yi irin wannan a makaranta, ita ce take tsayawa inda kake tsayawa."

Na ce, "Ƙanwarka?"

Ya ce, "E mana. Na dama ai wurin mata ne a da."

Na ji Sabi'u ya ajiye robar ruwansa a hankali.

Na je wurin Mista Dennis na tambaye shi. Bai ɓoye ba. Ya ce haka ne, a zamanin kakanninsa namiji hagu, mace dama. Amma yanzu a wurare da yawa an daina kiran mace ko namiji, kowa ya tsaya inda ya ga dama, a yi masa alama kawai don sauran su gane shi. "Nan babu mace babu namiji," in ji shi. "Akwai mai bi ta nan, akwai mai bi ta can. Shi ya sa na zaɓi sunayen da ba su da jinsi."

Bawan Allah, bai san Hausa ba. A mota sai da muka wuce unguwar Murabba sannan Sabi'u ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, ina da tambaya ta nahawu. Dabino, shi ne ko ita ce?"

Na ce, "Shi ne."

"Madalla. Gahawa fa?"

Na harare shi.

"A'a, ilimi nake nema. Cewa ake yi gahawa ya yi zafi, ko ta yi zafi?"

Daga ranar na zama Hajiya. In na fito wanka, "Hajiya an fito?" In na dafa shayi, "Allah ya yi wa Hajiya albarka." Ranar Juma'a da muka je cin tuwo wurin 'yan'uwa Hausawa a unguwar Batha, na riƙa kallon bakinsa kamar mai gadin fursuna. Bai faɗa ba, amma duk lokacin da aka ambaci gahawa sai ya yi tari. Na je na roƙi Rommel mu yi musanya, ya ce shi ƙafarsa ta riga ta saba da hagu. Na roƙi Mista Dennis, ya ce saura mako guda, kuma me zai sa ya taɓa abin da yake tafiya daidai?

Ranar walima Asabar ce, bayan la'asar. An ce kowa ya zo da kayan ƙasarsa. Ni kuwa na yanke shawarar cewa in dai za a juya ni a gaban jama'a, to a juya ni ina cikakken namiji. Na ciro babbar rigata ta shadda, mai aska tara, wadda ban sa ba tun ranar sunan Walida. Ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Na kafa hula, na fesa turare.

An shimfiɗa darduma a tsakar istirahar, ma'aikata sun zauna sun kewaye fili, ana ta zuba shayi. A kan kujera guda ɗaya tilo da ke wurin ga mahaifin Abu Turki, tsohon da ya kafa kamfanin, riƙe da sanda, ba ya ko murmushi. Can gefe manyan farantan kabsa, dafa-dukar Larabawa, suna jira a rufe.

Sai labari ya zo cewa Rommel ba zai zo ba. Wani ɗakin sanyi ya lalace a wajen gari, an tura shi tun safe. Mista Dennis ya tsaya yana ƙirga mu, bakwai, fuskarsa ta faɗi. Abu Turki ya dube shi, ya dubi mahaifinsa, sannan ya cire takalmi ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala. Na sha kallonku ta taga. Ina zan tsaya?"

Aka tsayar da shi a haguna.

Mista Dennis ya ce masa, "Ka kwantar da hankalinka, na ba ka gwani. Doka ɗaya ce: mai ƙyalle a hannu shi za ka kama, marar ƙyalle ka bar shi ya wuce."

Ka ga dai dama ta zo har gida. Mutumin da nake jiran sa hannunsa ga hannun nasa a cikin nawa. Abin da ya rage mini shi ne in yi abin da na iya na minti biyar. Amma da na ɗaga kai sai na ga Sabi'u a sahun gaba, ya ɗaga waya yana ɗauka, yana yi mini wani irin murmushi. Na hango bidiyon nan yana yawo daga Batha zuwa Tudun Wada. Na hango surukina, limamin unguwa, yana gyara tabarau yana kallon Balarabe yana juya mijin 'yarsa.

Na zura hannu cikin riga na kwance ƙyallen, na cusa shi a aljihun ƙirji. Babbar riga ce, ba wanda ya lura. Dabarata (a lokacin na ɗauka dabara ce) ita ce in yi takuna yadda na saba, amma babu wata shaida a jikina.

Kiɗa ya tashi, irin na goge mai sauri. Muka rusuna wa juna, muka kama hannu muka zagaya hagu, muka dawo dama. Lafiya lau. Jama'a na tafi. Abu Turki har yana ɗan ɗaga kafaɗa.

Sai Mista Dennis ya kira, "Gahawa, ku shiga tsakiya."

A nan na gane ramin da ke cikin dabarata. In na shiga, ƙyalle ko ba ƙyalle, kowa ya san ko ni wane ne. Ƙafata ta dama ta riga ta ɗaga da kanta, na danne ta. Mutum uku suka shiga, suka miƙa hannu suna neman na huɗu, suka zagaya da giɓi kamar bakin da aka cire wa haƙori. Mista Dennis ya dube ni ya sake cewa, "Gahawa." Na dubi sama kamar ina nazarin hadari, a garin da aka yi wata bakwai ba a ga girgije ba.

"Dabino, ku shiga tsakiya."

Na shiga.

Wurin mutum huɗu ne, muka zama biyar, ɗaya daga ciki kuma yana sanye da yadi goma na shadda. Ban taɓa yin wannan ɓangaren ba, ban san da wane hannu ake shiga ba. Na miƙa na dama, kowa ya miƙa na hagu. Suka juya, na juya, muka yi karo da wani Bamisire mai lissafin albashi har hulata ta karkace. Da aka fito kowa ya koma gurbinsa, ni na tsinci kaina a gurbin wani, shi kuma yana tsaye a bayana yana roƙona da Larabci in matsa, "Lau samaht, lau samaht."

Daga nan aka kira babban zagaye, inda dabino ke bi ta wannan gefe, gahawa ta wancan, ana miƙa wa juna hannu ana wucewa. Na bi dabino. Wato ina bayan Abu Turki, ina taka masa gefen jallabiya duk taku biyu. Usman, wani Basudane dogo mai ƙyalle, ya ga hannaye biyu sun miƙo masa a lokaci guda, ya rasa wanda zai kama, ya kama duka. Can ɗaya gefen wani dabino yana ta miƙa hannu ga iska, domin gahawar da ya kamata ta iso gare shi tana nan tana fama da rigarta a layin da ba nata ba. Mutum bakwai suna duban wuyan hannuna suna neman abin da zai gaya musu yadda za su yi da ni, babu. Har yanzu jama'a na tafi, sun ɗauka haka rawar take.

Sai kira na ƙarshe ya zo: "Kowa ya koma ga abokinsa. Dabino ya juya gahawa."

Muka fuskanci juna ni da Abu Turki. Ya kama hannuna ya ɗaga sama don in bi ta ƙarƙashi. Ni ma na ɗaga nasa don ya bi. Muka tsaya hannu a sama kamar masu rantsuwa. Ya ja, na ja. Ya ce a hankali, "Yalla, sadiƙ." Na fi shi tsawo da kusan taƙi guda, kuma shekara shida ina ɗaga kwamfaresa. Na juya mudir.

Ya bi ta ƙarƙashin hannuna, amma bai fito ba. Hannun babbar rigar da na naɗe a kafaɗa ya warware ya sauko a kansa kamar labule. Mudir ya shige cikin rigata. Ina jin kansa a haƙarƙarina, yana magana, ba na jin abin da yake cewa. Na juya don in sake shi, shi ma ya juya, muka ƙara naɗewa. Muka yi zagaye guda cur a haka, mutum biyu cikin riga ɗaya, ƙafa huɗu a ƙasa.

Da ya samu ya fito, ya fito babu komai a kansa. Jan mayafinsa na shimag ya tsaya a cikin rigata, har da 'yar farar hular da ke ƙarƙashi. Baƙar igiyar da ke riƙe mayafin kuwa tana rataye a wuyan hannuna.

Akwai waɗanda suka shekara goma sha biyar a kamfanin nan ba su taɓa ganin kan Abu Turki ba. Ashe sanƙo ne da shi, fes, sai wasu silin gashi kamar guda goma da aka rina baƙi ƙirin aka kwantar daga kunne zuwa kunne. Yanzu sun miƙe tsaye.

Mista Dennis ya kashe kiɗa. Tafi ya mutu. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har ƙarar injin ruwa na maƙwabta ana ji.

Na ce bari in gyara. Na zura hannu cikin riga da sauri don in ciro masa mayafinsa, na damƙo ƙyalle, na rusuna na miƙa masa da hannu biyu. Sai da na ga yadda yake kallon abin na duba. Ƙyallena ne mai ruwan ɗorawa.

Mista Dennis ya matso, ya ƙirga mu da yatsa, ya ce cikin natsuwa, "Ina da dabino biyar da gahawa uku. Wa ya shanye mini gahawa ɗaya?"

Tsohon nan na kan kujera ne ya fara. Wata irin dariya ce mai kama da tari, yana buga sanda a ƙasa, hawaye na zuba, yana nuna kan ɗansa. Da jama'a suka ga mai kamfani ya yi, sai kowa ya saki tasa. Abu Turki bai yi ba. Ya tsaya har na lalubo mayafin daga wajen cibiyata, ya karɓa, ya zare igiyarsa daga hannuna da kansa, ya shige ciki. Ban ci kabsar nan ba. Sabi'u ya ci nasa ya ci nawa.

Washegari Lahadi, da hantsi, aka ce mudir na kira. Na shiga ina karanta duk abin da na haddace. Ga takardata a gabansa. Ya bar ni a tsaye, ya ce in gaya masa dalili. Na yi niyyar in ce ƙyallen ne ya kwance da kansa, amma mutumin ya ga inda na ciro shi. Na faɗa masa gaskiya duka, har da nahawun Sabi'u.

Ya bari na kai aya. Sannan ya ce, "Wato kai ka fi ƙarfin a juya ka."

Na ce, "Ba haka ba ne, ranka ya daɗe."

"Amma ni ban fi ƙarfi ba."

Ya ce in tabbatar an goge bidiyon. Ya buɗe aljihun tebur ya saka takardata, ya rufe, ya ce, "Bukra, in sha Allah."

Goben nan ta ɗauki wata biyar. Kullum in gaishe shi, ya amsa, ya ɗan taɓa mayafinsa kamar mai tabbatar da yana nan. Abin da ya fi damuna ma Mista Dennis ne. Na je har ofishinsa na ba shi haƙuri ranar da zai tafi, domin abu ɗaya ya roƙa bayan shekara ashirin, na lalata. Ya ce kada in damu, ya ga rawar nan sau ɗaruruwa, wannan ce kaɗai ya tabbata ba zai manta ba. Na san yana rarrashina ne, shi ya sa abin ya ƙara yi mini ciwo.

A ƙarshe dai aka sa hannu. An ce tsohon ne ya tambayi ɗansa, "Ina mai rigar nan? Yana nan?" Daga nan magana ta motsa.

Sabi'u ya rantse mini ya goge bidiyon, kuma ya goge. Abin da bai faɗa ba shi ne kafin ya goge ya tura wa mutum ɗaya tak, matarsa, don ta ga yadda istiraha take. Ban san inda ya bi daga Gusau ba. Na dai san cewa ranar da na ɗauko Maman Walida daga filin jirgi, muna cikin mota yara sun yi barci, ta ce, "Abban Walida, wai wurin nan da ka gudu daga gare shi, shi ne aka ce na mata?"

Na ce, "An daina cewa haka. Yanzu ba mace ba namiji."

Ta ce, "To. Ni dai na kalla sau da yawa. Mutum ukun nan masu ƙyalle ba su taka kowa ba, ba su tuɓe kowa ba. Da ka tsaya cikinsu."

Sabi'u yana tuƙi, kafaɗunsa na rawa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In aka ɗaura maka alama a cikin aikin mutum takwas, ba don a faɗi darajarka aka ɗaura ba, don sauran bakwai su san ta inda za su wuce ka ne. Kuma duk abin da kake tsoron a gan ka kana yi, yi shi kawai a gama, domin abin da za ka yi wajen ɓoye shi ne mutane za su tura wa matansu.